Baturken da ke ɓuya a mota

Na ga ƙananan kofunan shayi a kasuwa yau, sai na tuna Baturken da ya zo haƙa mana rijiya a Boɗinga zamanin Jamhuriya ta Biyu.

Ƙato ne, amma da ya hango majalisar dattawa sai ya shige mota, gumi na keto masa.

Babana ya bi shi, direba na fassara. "Mi kaka tsoro?"

"Idanu. A garinmu ni ke tarbar baƙi. Nan ban san yadda zan yi da hannuwana ba."

"To, tarbe mu."

Washegari ya shimfiɗa tabarma, ya dafa shayi, ga sukari ya yi wuya lokacin. Shi ya zuba wa kowa, yana miƙa ƙananan kofunan da hannunsa.

Har yau in taro ya tsorata ni, butar shayi nake nema. Ku fa, me kuke riƙewa?