Tambayoyi ukun da Saratu ta bar mini

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanwata Saratu a Manchester, amma ban taɓa buƙatar bakinta kamar bana ba.

Ni dillalin motoci ne a Sparkbrook, nesa da Manchester, kuma ɗabi'a ɗaya ce ta riƙe ni a sana'ar. In na je sayen mota, kafin in gaisa da mai ita sai na dafa bonet. In na ji ɗumi, na san ya tada injin kafin in iso, don kada in ji yadda take tari da sanyin safe. Saratu kuwa boko ta yi. Aikinta a ɗakin bincike shi ne duba ƙwayayen haihuwa na birai, tana neman dalilin da ya sa wani ƙwai yake zama ɗa, wani ya tsaya a hanya. Nakan tsokane ta cewa duk karatun nan a kan biri ya ƙare. Sai ta ce, "Yaya, aikinmu ɗaya ne. Kai kana dafa bonet, ni ina tambaya: birai nawa, shekarunsu nawa, kuma an haihu ne ko a kwanon gwaji labarin ya tsaya?"

A flat ɗinta, ɗan gidan da take zama a unguwar Whalley Range, muna cin tuwo, ta sha gaya mini cewa shekarun uwa ne kan gaba wajen ingancin ƙwai, abincinta ma yana da tasiri. Sauran da yawa, in ji ta, ba su sani ba tukuna. Na lura ba ta jin kunyar faɗin haka.

Bana abin ya shigo gidana. 'Yata Rahila ta daɗe da aure a unguwar Old Trafford ta Manchester, Allah bai kawo haihuwa ba. GP ɗinta, wato likitar unguwarsu, ta tura ta asibitin haihuwa, layi ya kusa zuwa kanta. Sai wani mutum da suke coci ɗaya ya kawo mata kwalbar magani, wai an gwada a kan birai, ƙwansu ya gyaru. Sharaɗinsa shi ne ta bar maganar asibiti shekara guda, don kada a haɗa masa aiki. Shekara guda! Ga macen da kowace shekara ke rage mata dama.

Na tuƙa har Manchester na zauna da shi. Mutum mai fara'a, ya amsa abin da ban ma tambaya ba tukuna. A sana'ata wannan shi ne bonet mai ɗumi. Na jefa masa tambayoyin Saratu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, abin na bangaskiya ne." Ruwa dai ba ya tsami banza. Da Saratu na nan ta ga yadda ake tallar kwalba da sunan biran da ta ƙarar da idanunta a kansu, ina jin da ta ce biri ya yi kama da mutum, amma kama ce kawai.

Rahila ba ta gode mini ba. Ta ce, "Daddy, kai kowa macuci ne a wurinka. Ni ba mota ba ce." Ban musa ba, don asibitin ma ban yarda da shi ba. Na ce to, mu je mu yi wa likitar da ta tura ki can tambayoyin nan, in ta kama kame-kame ni da kaina zan janye daga maganar asibitin.

Muka je. Likitar ta saurara, ta faɗi abin da aka gani a birai da wanda aka gani a mutane, ta ƙi yi mana alkawarin komai. Da Rahila ta ciro kwalbar ta tambaye ta ko tana gyara ƙwai, sai likitar ta juya kwalbar, ta karanta, ta ce ba ta san wani gwaji da ya nuna haka ba, abubuwa da yawa ma ba a sani ba tukuna. Rahila ta dube ni. Ita ma ta tuna bakin wa ke faɗin haka.

Saratu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Tambayoyi uku ta bari, da rashin jin kunyar cewa ban sani ba. Ko zan ga jika, wannan na Allah ne. Kwalbar ma tana nan a kan firjin Rahila, ba ta yar ba, ni kuma duk zuwa sai na duba ko an buɗe. Amma ranar da asibiti suka kira ta, ta je.