Sunan Célestin a Kan Kwalin Wani

Honorine ba 'yar ruwa ba ce. A wani ƙauye na wajen Mokolo aka haife ta, inda ake shuka dawa a tsakanin duwatsu, kifi kuwa sai ranar kasuwa ake ganin busasshensa. Aure ne ya sauko da ita Lagdo, garin masunta a bakin babban tafki. Mijinta Célestin yana sayen kifi a hannun masunta, ya ɗaura a bayan moto, wato babur, ya kai Garwa, abin da bai shiga ba ya dawo da shi yana wari. Ita ta gaji da ganin asarar, ta roƙi wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta koya mata banda. Hayaƙi ya ci mata ido, har yau in tana magana da kai za ka ga tana yawan ƙiftawa. Amma hannunta ya faɗa. Giwan ruwan da ta yi wa banda yakan fito jawur, bai ƙone ba, bai yi ɗanye a ciki ba, ya daɗe a kwali bai yi tsutsa ba.

Da Célestin ya rasu ta riƙe sana'ar, ta kuma bar sunansa a kan allon da ke ƙofar rumfa: Chez Célestin, wato wurin Célestin. Murhu biyar take hurawa, da mata 'yan aiki masu fafe kifi da juya shi a kan raga.

Marigayin yana da ƙane, Léon. A gidan wan nasa yake hutu lokacin da yake makaranta a Garwa, kuɗin kifi kuma su suka ɗauke shi har ya gama. Yanzu yana da shago a Garwa, yana buga wa mutane takardu, yana kuma shirya wa masu otal da 'yan kasuwa talla a intanet. Wata Lahadi ya zo Lagdo, ya zauna a kan benci yana gutsurar tarwaɗa, ya kira ta Adda, wato yaya, kamar yadda ya saba, ya ce mata:

"Adda, kifin nan ya fi ƙarfin kasuwar Garwa. Akwai masu gidajen abinci a Yawunde da Duwala da ke neman irinsa a wayoyinsu. In mutum ya rubuta yana neman bandar kifin Lagdo, zan sa sunanki ya fito a sama."

"Nawa ake biya?"

"Ba kya biyan komai sai an danna sunan. Kamar gwanjo ne, duk wanda ya fi tayawa shi ke hawa sama. Yanzu kuwa babu mai tayawa sai ke."

Ta yarda. Ya ɗauki hotunan murhu da kifi, ya buɗe mata shafi. Duk farkon wata takan tura masa kuɗin talla ta waya, da ladansa a kai. Ba a jima ba wayarta ta fara ƙara da lambobin da ba ta sani ba. Ta koyi ɗaure kwali yadda zai jure tafiyar bas har kudu. Ta sake rufin ɗakinta da kwano, ta ƙara 'yan aiki. A coci in ana hira takan ce Célestin ya tafi amma ya bar mata ƙane.

Haka aka yi shekara biyu. Sai wata rana, tun ba a kai tsakiyar wata ba, Léon ya kira ya ce kuɗin talla sun ƙare.

"Yaya suka ƙare, alhali wayata ta kwana biyu shiru?"

"Farashin dannawa ne ya tashi, Adda. Ko'ina haka ake kuka. Wasu sun shigo gwanjon, suna taya kalmomin da muke tayawa. In ba ki ƙara ba, sunan zai nutse ƙasa inda ba mai gani."

Ta ƙara. Wata na gaba abin da danna ɗaya ke ci ya ninka, na bayansa ya sake hawa, masu kira kuma sai raguwa suke yi. Ta ɗaga kuɗin kwali don ta cike giɓin, wasu masu saye suka janye. Ta sayar da awakinta. Daga baya ta kira Huda, wadda ta fi kowa daɗewa a rumfar, ta ce mata ta ɗan huta a gida har abubuwa su daidaita. Huda ta wanke wuƙarta ta naɗe a zane, ta ce Allah ya kawo sauƙi. Ranar Honorine ba ta iya cin abinci ba.

Wata safiya ta sauka bakin ruwa wajen Malum, masuncin da ta fi ciniki da shi, ta tarar babu giwan ruwa ko ɗaya a kwalekwalensa.

"Ai ƙaninki ya aiko an kwashe tun da asuba," in ji Malum. "Na ɗauka naki ne. Ya kwana biyu yana aikowa."

Ta ce wataƙila wani mai otal ne ya sa shi. Ta sayi karfasa ta koma, ba ta bar zuciyarta ta bi maganar ba.

Bayan 'yan kwanaki Madam Larissa ta kira daga Yawunde. Mai gidan abinci ce, tana cikin waɗanda suka fara saye, amma ta daɗe ba ta yi oda ba. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi sosai ba.

"Maman, me ya sami hannunki? Kwalin nan na ƙarshe rabinsa ɗanye ne a ciki, na zubar."

"Wane kwali, 'yata? Ni rabona da aika miki tun kafin damina."

Larissa ta ce wayarta ce ta ɓace da lambobin ciki. Ta nemi Chez Célestin a intanet, ta danna wanda ya fito a sama, wata mata ta amsa ta ce ita ce sabuwar mai karɓar oda.

Honorine ta zauna a kan turmi. Karatun faransancinta a hankali yake, amma ta iya rubuta sunan mijinta. Ta rubuta. Suna biyu suka fito. Na ƙasa nata ne. Na sama ya ce shi ne Chez Célestin na asali. Ta danna, sai ga murhunta, ga ragarta, ga hannuwanta biyu riƙe da giwan ruwa, da tabon ƙuna a babban yatsa. Lambar da ke ƙarƙashin hoton ta san ta, ta Sandrine ce, matar Léon.

Washegari ta hau mota zuwa Garwa. Ta same shi a shago yana sallamar wani mai buga takarda. Ta jira har mutumin ya fita, ta ajiye wayar a gabansa. Ya duba, ya ɗauke kai.

"Wanda ke tayawa a kaina, kai ne?"

"Adda, ki zauna mu yi magana. Farashi ya tashi da gaske, ba ni kaɗai ba ne a ciki."

"Ban tambaye ka wasu ba. Kai kake riƙe da nawa, kai kake riƙe da naka. Kana ɗaga naka, kana kirana in ƙara, kana kuma cire ladanka."

"Sandrine ma tana da 'ya'yan da za ta ciyar. Ruwan Lagdo ba na mutum ɗaya ba ne."

"Ruwa na kowa ne. Sunan fa?"

A nan ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Sunan wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke aure ne ya kawo ki cikinsa."

 Sai ta nemi ya ba ta kalmar sirrin shafinta. Ya ce da sunansa aka buɗe, ba zai yiwu ba. Ta ɗauki wayarta ta fita. Sai da motar ta bar gari ta lura ta manta ledar bandar da ta riƙo a kan teburinsa. Ta saba ba ta zuwa wurinsa hannu wofi, ranar ma hannunta ya ɗauko ba tare da ta yi shawara ba.

Daga wannan wata ba ta sake tura masa ko dala ba, tallarta ta mutu. Abin da ya rage mata shi ne lambobin da ke cikin wayarta, don duk wanda ya taɓa saye da ita ya yi magana. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kira. Ba ta ambaci Léon ba, cewa kawai take yi wannan ce lambarta, ba ta da wata. Wasu sun dawo. Wasu sun ce na can ya fi araha, ta ce ba laifi. Larissa ta dawo, ta kuma haɗa ta da ƙawayenta biyu. Honorine ta fara rubuta lambarta da babban alƙalami a kowane gefe na kwali.

Daga baya wata malamar makaranta 'yar cocinsu ta taimaka mata ta buɗe sabon shafi da sunanta ita kanta, kalmar sirri a hannunta. Ta sa iyakar abin da talla za ta ci a rana, in ya ƙare ya ƙare. Ta taƙaita tallar ga Yawunde kaɗai, ta bar tayawa a kan sunan Célestin, don ta ce ba za ta biya kuɗi ta sayi sunan mijinta a gwanjo ba. Murhu uku take hurawa yanzu. Huda tana zuwa ranakun da oda ta yi yawa.

Da Kirsimeti ta hau ƙauyen dangin mijinta a kan dutse gaida surukarta, tsohuwar da ta haifi Célestin da Léon, wadda idonta ya yi rauni. Léon da iyalinsa sun riga ta isa. Ya miƙe ya ce, "Sannu da hanya, Adda." Ta amsa, ta wuce ɗakin tsohuwa.

"Me ya sa ba ku zo a mota ɗaya ba bana?" tsohuwar ta tambaya.

"Aiki ne ya riƙe ni, Mama."

Ta kwance ƙullin da ta kawo, ta zauna a bakin gado tana cire wa tsohuwar ƙaya daga kifi tana sa mata tsokar a tafin hannu. A tsakar gida ana kiran a fito a ci abinci, Honorine ta ce su fara, ba ta gama ba tukuna.