Motar Bas a Ƙasan Teku

Ni ɗan Yawuri ne, kuma mahaifina masunci ne. Tun ban kai shekara goma ba nake nutso in kwance taru idan ya maƙale a saiwa. Sai dai ruwanmu ja ne kamar kunun kanwa. In ka shiga, rufe ido kake, ka riƙe numfashi, ka yi ta lalube har ƙirjinka ya ce ya isa.

Da girma ya zo sai na bar kogi na kama tuƙi, tuƙin kuma ya kai ni Doha, a shekarun nan da duk inda ka juya gini ake yi. Ina tuƙa wa wani kamfanin gine-gine a-kori-kura, ɗakinmu yana unguwar Mu'aither. Mu biyu ne a ciki, ni da wani dattijo Basakkwace mai aikin gadi, wanda nake kira Baba. Shekarata guda da rabi a garin, kullum ina wuce teku a mota, amma ko ƙafata ban taɓa tsomawa ba.

Akwai wani injiniya Basudane a kamfaninmu, mutum mai fara'a. Wata Asabar ya roƙe ni in kai masa kaya bakin teku, can kudu da garin Wakrah. Kayan kuwa tukwanen iska ne na ƙarfe, dogaye, guda takwas. A can muka tarar da 'yan kulob ɗinsu na masu nutso, wajen mutum goma sha biyu, Larabawa da Turawa da Indiyawa. Na zauna a bayan mota ina kallon su suna shiri. Kowa ya matse jikinsa cikin baƙar rigar roba, ya goya tukunya, ya ɗaura ɗamarar dalma, ya sa takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Da suka nufi ruwa suna tafiya da baya-baya, dariya ta ƙwace mini, har na sauko daga motar na riƙe ciki.

Bayan sun fito, Injiniya ya tambaye ni abin da ya ba ni dariya.

Na ce, "Yallaɓai, duk wannan kaya don a shiga ruwa? A garinmu da gajeren wando muke yi."

Ya kira malaminsu, wani ɗan Filifin gajere mai ƙirar ƙarfi, ya maimaita masa. Malamin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka iya nutso? Me kake gani a can ƙasan?"

Na ce, "Gani kuma? Ai ba a gani."

Ya ce, "To ka zo ranar Talata bayan La'asar."

Injiniya ne ya tsaya mini, ya cike takardu, kulob ɗin kuma ya ara mini kaya. Da na gaya wa Baba, ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Ɗana, tuƙi ka zo yi ko zama kifi?"

"Baba, koyo ne kawai."

"Allah Ya ba ka ƙasa busasshiya, kai kuma ka ce sai ƙasan teku. To Allah Ya tsare."

A wani tafkin wanka na gidajen ma'aikata a unguwar Aziziya muke koyo, mu huɗu sababbi. Na je da girman kai, ina ganin ni ne zan koya musu. Ashe ni ne zan fi kowa ba malam wahala. Ya ce doka ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, domin iskar tukunya tana kumbura a huhu in kana tasowa, tana iya yi maka illa. Na gyaɗa kai. Amma da zarar ruwa ya rufe kaina, sai jikina ya koma Yawuri: in datse numfashi, in runtse ido. Ga abin shaƙar iska a bakina, ga iska cike da tukunya, ni kuwa na kumbura kumatu. Malam ya ƙwanƙwasa mini gilashin fuska da yatsa, ya jawo ni sama.

"Ina kumfarka? Ban ga kumfa ba! Yalla, koma!"

Sau bakwai ya fito da ni a ranar. Wata Ba'indiya ma'aikaciyar jinya, wadda ko iyo ba ta gama ƙwarewa ba, tana zaune abinta a ƙasan tafki tana fitar da kumfa kamar tukunyar dambu.

Sannan ga matsalar gashin baki. Ruwa ya yi ta shigo mini ta ƙarƙashin gilashi yana cika hancina. Malam ya ce gashin ne yake hana robar kama fata, ko in shafa mai ko in aske. Na shafa, bai yi ba. Washegari na aske gashin bakin da na shekara takwas ina gyarawa. Baba ya dawo daga aiki, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Bawan Allah, ina mai ɗakin ya tafi?"

Ya yi dariya har da tari. Kwana uku yana kirana ango.

A hankali abin ya zauna. Na koyi shaƙa a hankali da fitarwa a hankali, na koyi toshe hanci in hura don kunne ya buɗe, na koyi maganar hannu. Ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, lafiya lau ke nan. Ka ɗaga babban yatsa sama, ka ce a fita ke nan. Ina tuƙi a titi ina maimaita su, har wani direban tasi ya zaci zaginsa nake.

Bayan mako biyar aka ce mun isa shiga teku. Ranar, tun da na idar da sallar Asuba bakina ya ƙi rufuwa. Na loda tukwane ina waƙa. A bakin ruwa na sa rigar roba a bai-bai, sai da Injiniya ya nuna mini. Na yi tafiyar agwagwar nan da baya-baya, ni ma, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Muka yi iyo kaɗan, malam ya ba da alama, muka saki iskar rigunan da ke riƙe mu a saman ruwa muka fara sauka. Ina jin ƙarar numfashina kamar ana zuga wuta. Na tilasta wa idona ya tsaya a buɗe.

Ruwan kore ne, mai haske, rana tana ratsowa tana rawa a kan yashi. Na ga hannuna. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, hannuna da yatsu biyar a ƙarƙashin ruwa. Sai ga kifaye, ƙanana masu ratsin rawaya da baƙi, sun fi ɗari, sun zo sun kewaye mu ba tsoro. Duk rayuwata kifi nake kamawa, amma ban taɓa ganin yadda yake tafiya a gidansa ba. Wani babba mai faɗin baki ya tsaya dab da fuskata. Kafin in yi tunani hannuna ya kai masa cafka. Malam ya buge hannun, ya kaɗa mini yatsa. Na yi dariya, gilashina ya cika da ruwa, na hura shi ya fita kamar yadda aka koya mini, na sake yin wata dariyar.

Muna cikin tafiya sai wani abu babba ya fara bayyana a gabanmu. Da muka matso, sai na ga motar bas ce. Bas sosai, zaune a kan tayoyinta a ƙasan teku! Daga baya aka gaya mini da gangan ake nutsar da tsofaffin motoci a wurin don kifi ya sami mafaka. Amma a lokacin ba wanda ya gaya mini, Injiniya ya ɓoye don ya ga fuskata. Jikinta duk ya yi gansakuka da ƙananan kawa masu ɓawo kamar katantanwa, ba gilashi ko ɗaya, kifaye suna shiga ta wannan taga suna fita ta waccan kamar fasinjojin da ba su da tasha.

Na zagaya gefen direba. An hana mu shiga ciki, don haka na leƙa ta taga. Sitiyarin yana nan. A kan abin da ya rage na kujerar direba, wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo ya kame, yana buɗe baki yana rufewa, yana harara ta. Wallahi kamar in ce masa, "Sannu da aiki, abokin sana'a." Murna ta cika ni har na rasa inda zan sa ta. Na juya wajen malam, na ɗaga masa manyan yatsuna biyu sama, ina kaɗa su da ƙarfi.

Ya dube ni, ya dubi agogon iskata, ya kama hannuna. Muka fara tasowa a hankali. Ina nuna masa bas, ina girgiza kai, shi kuwa ko a jikinsa. Da muka fito saman ruwa, ya tofar da abin bakinsa ya ce, "Me ya faru? Kunne ne?"

Na ce, "Malam, daɗi ne!"

Ya dafe goshi. Sannan ya ce, "Alamar da ka yi, me take nufi?"

Sai a lokacin na tuna. Na ce mu koma mana. Ya ce, "Halas, an fito an fito. Sai an huta." Amma na ga kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa.

Muka ci shinkafa a inuwar mota, labarin ya zagaya kowa, kowa ya zo yana ɗaga mini yatsa. Injiniya ya ba ni wani ɗan littafi, ya ce kowane mai nutso yana rubuta abin da ya gani. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin kifayen ba, sai na raɗa musu na gida. Mai faɗin bakin nan na rubuta ƙarfasa, na kujerar direba na rubuta giwan ruwa. Ba'indiyar ta leƙo ta ce in karanta mata, ta sa na maimaita har ta iya faɗa, ta kwafe su a nata littafin.

Bayan Azahar malam ya miƙe ya kaɗe yashi, ya ce wa ke son zagaye na biyu. Kafin ya rufe baki na riga na goya tukunya.