Injin da Baba Bai Ji Tashinsa Ba

Jiya a unguwar Mesaimeer na ji warin kananzir, sai na tuna da dattijon makanikin da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Najma, wanda nake kira Baba. Yau shekara guda da rasuwarsa.

Kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki nake yi masa direba, ya gano injin tsohuwar motar mahaifinsa a wurin 'yan gwangwan. Ya ce in bai tashi ba, khalas, shi ke nan, a kai a narkar. Sai na kai wa Baba shi ya duba. Baba ya wanke shi da kananzir, ya goga alli a kan lambar injin har ta fito fari tas.

Ya ce, "Ɗana, gangar jikin ta motar ce, amma kan injin da kafireto an sauya su tun tuni."

Na ce, "Mu cire su, Baba?"

Ya ce, "Baƙon da ya daɗe yana aiki a gida, gyara masa zama ake yi."

Ciwo ya mayar da shi Kano, abokan aikinsa suka ƙarasa gyaran. Ranar da injin ya tashi na kira wayarsa don ya ji ƙarar, sai ɗansa ya ɗauka.

Allah ya gyara masa zama a makwancinsa.