Mai Kallon Teku

Ijja ba ta taɓa ɓamɓarar ƙumbar teku, irin mai nama a ciki, ko ɗaya ba tun da ta girma, amma da ƙumba ta ci ta sha. A ƙauyensu na gaɓar teku a yankin Sus, idan ruwa ya janye mata suka sauka kan duwatsu da wuƙaƙe, duk bayansu suke ba teku. Dole mace ɗaya ta zauna a tudu tana kallo, kowace kuma ta zuba mata tafi guda daga kwandonta. Aikin Ijja ke nan, gadon uwarta.

Ranar iska, igiyoyin ruwa gajeru na ta haushi suna kumfa, sai ta ce, "Ku sauka, waɗannan baki ne kawai." Ranar da gari ya yi tsit, igiya na tahowa a hankali, doguwa, da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta, ranar take hana su.

"Daga nesa ta taso, da kayanta a ka," in ji ta. "In kuwa tsayinta ya ninka, ƙarfin dukanta ba ninki biyu ba ne, huɗu ne."

Matan sun tsani wannan magana, don a irin ranakun ƙumba ta fi fitowa fili. Suna gunaguni dai suna hawowa, har Ijja ta yi furfura ba a yi makoki ko ɗaya daga duwatsun nan ba. Abin da ya kayar da ita ke nan. Wa ke gode wa katanga don gidan da ɓarawo bai shiga ba?

Tlaitmas, matar ɗan ƙanenta, ita ta faɗa mata a gaban kowa: "Inna, tun ina goye ake ciyar da ke, me ya taɓa faruwa? Ki huta haka nan. Mu ma Allah Ya ba mu ido."

Aka daina zuba mata. Ta koma gida tana jiƙa busasshiyar gurasar sha'ir a shayi, baƙin ciki na cin ta.

Da sanyi ya shigo, wata safiya mai haske, teku ya ɗauke Tlaitmas da kwandonta. Ijja ta je gaisuwa, ta rakuɓe a bakin ƙofa, ta yi kukanta na gaskiya, don tana son yarinyar. Tana jira ko wata za ta dube ta.

Wata tsohuwa ce ta dafa ta, ta ce, "Tekun ne ya lalace, Ijja. Ke kam kin yi sa'a, a zamaninki mai haƙuri ne."