Inna ta fi jin maganar Maman Ladi

Jiya da safe a titin Gyaɗi-Gyaɗi na hango mahaifiyata, Inna, da takalmin kambas a ƙarƙashin hijabi, tana zabga sauri tare da maƙwabciyarta Maman Ladi, tsohuwar malamar makaranta 'yar Kafanchan. Ashe kullum sai sun taka har kasuwar Tarauni.

Ni fa ma'aikaciyar jinya ce. Tun da likita ya ce ciwon suga na dab da kama ta nake roƙon ta rage zaƙi, ta riƙa motsa jiki. Ko kallona ba ta yi. Amma daga haɗuwa da Maman Ladi, har kunu ta koma sha ba suga!

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Na tare ta na ce, "Inna, wato maganarta ta fi tawa?"

Ta goge gumi ta ce, "Ke kina min wa'azi, ga katan ɗin lemo kin kawo tsaraba. Ita kuwa ƙofa take bugawa ta ce in fito mu tafi."

Har yanzu kishin bai sake ni ba, amma yau na sayi kambas.

Ku fa, wa ya ƙwace muku kunnen iyayenku?