Rufin Ɗakin Batula

Duk rufin kwanon da ka gani a Dutsin-Ma da wata 'yar hula a samansa, aikin Malam Badamasi kafinta ne. Haifaffen Kurfi ne, a kan rufi ya yi furfura. Ba ya haɗe bakin kwano a sama. Sai ya bar tsaga kamar faɗin tafin hannu, ya kifa mata ƙaramin kwano saboda ruwa. Cewa yake idan gobara ta tashi, hayaƙi da zafi sama suke nufa, in ba su sami kafa ba su sauko su cika ɗakin. Masu shaguna kan tsokane shi wai ƙofar jemagu yake yi musu. Ko a jikinsa. Na sha ganin ya tattara guduma da zarto ya bar gini, don kawai wani Alhaji ya ce a rufe ruf.

Da 'yarsa Batula ta yi aure a Birchi, shi ya rufa mata ɗakin da take suyar ƙuli-ƙuli. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka da fasa rumbuna, sai mijinta Rilwanu ya kwashe geronsa ya jibge a ɗakin suyar, har bakin ƙofa. Tsuntsaye suka gano tsagar suna ɓarna. Rilwanu ya hau ya cusa mata tsofaffin buhuna, ya shafe da laka.

Badamasi ya hango lakar tun daga kan babur, ranar da ya je suna a maƙwabtan su Batula. Ga mai, ga wuta, ga 'yarsa a ciki kullum. Amma ta yaya mutum zai hau rufin gidan surukinsa? Wannan mai taurin kan da ba ya raga wa kowa, sai ga shi sun gaisa da Rilwanu kowa na kallon ƙasa, ya hau babur ya koma. Ya gaya wa matarsa Dada, Dada ta gaya wa Batula ta waya, Batula ta lallaɓa ta gaya wa miji. Rilwanu ya ce a gaida Baba, da zarar an sayar da geron za a buɗe. Wannan kunyar har yau haushi take ba ni.

Wata rana da hantsi man suyar ya kama, wuta ta lashi buhunan geron da ke bakin ƙofa. Maƙwabta suka yi ca da ƙasa da ruwa, ba a daɗe ba suka kashe ta. Aka fito da Batula daga ƙuryar ɗakin, ko zaninta bai ƙone ba. Hayaƙi ne ya kashe ta.

Da aka dawo daga maƙabarta, Rilwanu ya durƙusa gaban surukinsa yana kuka. Badamasi ya dube shi ido cikin ido.

"Ina tsaninku?"

Aka kawo. Ya hau, ya ɓare lakar, ya zare buhunan ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai kai tsawon alwala ba. Sannan ya zauna a kan kwanon, rana na dukansa, kuma aka rasa wanda zai ce masa ya sauko.